Soja Ba Ya Kai Ƙarar Jikinsa

Salamu alaikum, jama'ar da ke bin labarin nan nawa. Wasunku sun tsare ni da tambaya: wai yaya aka yi yarinya mai aikin likita ta yi ta zance da mutum wata da watanni, amma ta bari ciwo ya ci shi a gabanta? Tambayar ta soke ni, don ni ma na daɗe ina yi wa kaina ita. To ku gyara zama. Wanda yau ya fara cin karo da ni, sunana Tsahara, 'yar Tudun Kanya ce ni, can ƙasar Illela. Abin da zan ba ku ya faru ne ba da daɗewa ba bayan an buɗe kamfanin siminti na Malbaza, lokacin ina budurwa mai ji da kanta, wadda in ta ɗaura kallabi sai madubi ya gaji da ita kafin ta fita.

A ɗan gidan likitan garinmu nake aiki. Kada ku ɗauka wata babba ce ni. Lakwal, wato boko, na ɗan taɓa, shi ne aka ɗauke ni ina dafa allurai a tukunya, ina wanke gyambo, ina kiran mutane su shigo. Sai dai an ba ni farar riga mai aljihu biyu, mata a bakin rijiya suna ce mini lokotoro, wato likita, ni kuwa ban taɓa gyara musu ba. Shugabanmu Majo Hashimu ne, Majo kuwa shi ne sunan da ake kiran babban ma'aikacin jinya a wajenmu. Mutumin kirki ne, hannunsa ba zafi wajen allura. Amma ranar kasuwa, in layi ya miƙe har gindin dalbejiya, ko uwarsa ce ta zo da dogon bayani sai ya katse ta.

Ba mutanen da ke ɓata wa Majo rai kamar tsoffin sojan Faransa. Muna da su da dama a ƙauyukanmu, waɗanda suka yi yaƙin Indoshin da na Aljeriya. Abin da ke ba ni dariya da su, ba sa zuwa ɗaya-ɗaya, kullum bibbiyu. Ɗaya ya ƙame ya yi gum, ɗayan ya riƙa magana a madadinsa. Majo kuwa dokarsa ce, mai ciwo kaɗai ke shiga. Sai ya kori mai bakin, ya juya wajen mai shirun ya ce, "Mi ka damunka?" Shi kuma ya haɗa dugadugi, ya kafa wa bango ido ya ce, "Lahiya lau, mon Majo."

"Kin gani ko?" Majo kan ce mini in sun fita. "Mutane awa itace. Ka tambaye su, lahiya lau. Sai sun ruɓe a kawo maka su bisa jaki."

Ni kuma in yi ta dariya har da riƙe ciki. Allah ya yafe mini dariyar nan.

Ta haka na san Cindo. Ya rako Sarjan Ɗan'azumi, babban tsoffin sojan yankinmu, wani dattijo mai farin gashin baki da ke fama da gwiwa. Majo ya kori Cindo waje, ya je ya tsaya ƙyam cikin rana, ga inuwa kusa da shi amma bai shiga ba. Na kai masa ruwa a moɗa na ce, "Soja, inuwar ga ba a hana kowa." Ya yi wani ɗan murmushi a gefen baki ya ce, "To, tunda an ba ni izini." Daga wannan murmushin aka kama ni, ban ko yi gardama ba.

Dogo ne, baƙi, mai ɗan yatsa na shida a hannun hagu, abin da ya sa aka raɗa masa sunan. Yaƙin Aljeriya ya yi, bai kai su Sarjan shekaru ba. Da ya dawo ya sami aikin gadi a ƙofar kamfanin siminti. Duk Lahadi sai ya biyo motar Maikuɗi, direban da ke kawo siminti wajenmu, ya sauka ƙofar gidanmu bayan la'asar. Kakinsa a goge, jar dara a kai, dogon takalmin soja yana sheƙi. Ni kuma in fito da atamfata mai zanen ganye, in sha kwalli, lalle har wuyan hannu. Ban taɓa kiran sunansa ba, Soja nake ce masa. Ba shi da zaƙin baki irin na samarin buro, masu aikin ofis. In ya zo sai ya ajiye mini sabulu mai ƙamshi ko dabino a gefen tabarma ya ce, "Na ga wanga, nit tuna da ke." Iyakar waƙarsa ke nan, amma wallahi ta fi mini ta kowa daɗi.

Abu ɗaya na lura da shi, ba ya zama a tabarma. Kan turmin da ke kife a zaure yake zama, ya miƙe ƙafar hagu. Wata Lahadi ina zuba masa fura sai idona ya faɗa kan wandonsa, daidai inda ya shiga bakin takalmi. Wurin a jiƙe yake, rawaya-rawaya, ƙudaje na kai da komo. Ni da nake wanke gyambo kullum, na san irin wannan jiƙar. Na ɗago, ashe yana kallona. Ya ga na gani. Ya ɗan yi jim kamar mai jiran wani abu, ni kuwa na sunkuyar da kai na shiga wasa da lallena. Ku faɗa mini, wace budurwa ce a zamaninmu za ta dubi saurayinta ta ce ɗage wando in gani? Ni da ko sunansa ban iya faɗa.

Maganar daga Inna ta taso. Innata Tabawa ba muguwa ba ce, mace ce da ta sha jinya. Babana ya yi shekaru a kwance kafin Allah ya karɓi abinsa, ita ce mai juya shi, ita ce mai wankinsa. Wata safiya ina gyara mata jeren tasoshi a ɗaki, tana zaune tana tsince wake, sai ta ce ba tare da ta dube ni ba:

"Tsahara, sojan ga naki, an ce min jan ƙahwa shikai."

"Inna, tahiyar soja ta haka."

"Ni za ki gwada ma tahiya? Ke ji nan. Na yi jinyar ubanki har bayana yat tanƙware. Ban haihe ki ba don ki wanke gyambo likita, ki komo gida ki wanke wani. Mutanen ga da sunka tai yaƙin Nasara, ba wanda yad dawo cikakke. Wani ƙahwa, wani kai."

"Shi dai lahiyatai lau."

"To shi tai gaban Majonku a duba shi. In Majo yac ce lahiyayye na, ni da kaina za ni ce ma kawunki shi amshi goro. In ko akwai wani abu, ki hidda shi ranki tun kuka bai yi yawa ba."

Da Lahadi ta zo na yi ta kewaye-kewaye kafin na iya gaya wa Cindo, ina jiran ya ɗauki hularsa ya yi fushi. Sai kawai ya ce, "Ke kina ciki in an kira ni?" Na ce ai can nake aiki. Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya ya ce, "To alhamdulillahi." Ranar ya fi kullum fara'a, har ya shanye furar duka. Na ɗauka murnar aure ce.

Ranar kasuwa ya zo, don ranar ce ya sami hutu. Ranar kuwa ba ta da kyau, ƙyanda ta shigo ƙauyuka, tun asuba mata ke tururuwa da yara a goye, Majo ko karin kumallo bai yi ba. Ni kuma kunya ta hana ni gaya wa Majo ko wane ne wannan da zai zo, balle abin da za a duba. Cindo ya bi layi kamar kowa, lambobinsa jere a ƙirji. Shi kaɗai ya zo. Tunda na fara aiki ban taɓa ganin tsohon soja ya zo ba ɗan rakiya ba, amma ban kawo komai a raina ba.

Na kira shi ya shigo. Ya haɗa dugadugi, na ga wata jijiya ta tashi a goshinsa.

"Mi ka damunka?" in ji Majo, yana goge zufa.

Cindo ya karkato ido, ba kai ba, ido kawai, ya dube ni. Ina tsaye bakin tukunyar allurai. Ga mata cike da baranda suna leƙe ta taga, har da wata maƙwabciyarmu mai baki. Kunya ta lulluɓe ni, maganar Inna kuma tana kaɗa mini a kunne. Sai na juya na shiga tsamo allurai da ba wanda ya ce in tsamo.

"Da kai nika magana, malam. Mi ka damunka?"

"Lahiya lau, mon Majo."

Majo ya dangwarar da abin awon ƙirji a tebur. "Lahiya lau? To mi kaz zo yi? Diba waje, ƙyanda na kashe ɗiyan mutane, kai ko ka sha lambobi ka zo ka tsaya min. Ba ka da komi. Hita, kada ka sake zo min nan."

Cindo ya sara masa, ya juya ya fita. Tun daga tebur har bakin hanya ko ɗingishi ɗaya bai yi ba. Ni kuwa, 'yan uwa, daɗi ne ya kashe ni. Da aka tashi ban ko cire farar rigar ba, na ruga gida ina kiran Inna tun daga zaure: "Majo ya ce ba shi da komi!" Maƙwabciyarmu ta riga ni kai labari, ta ce da kunnenta ta ji. Inna ta cika alkawari. Dangin Cindo suka kawo goro da kayan sa rana, Kawu Mamane ya karɓa, aka ce sai bayan kaka in an shigar da hatsi. Aka rangaɗa guɗa a gidanmu, Inna ta fara fito da kwallayen da ta daɗe tana ɓoye mini a ƙarƙashin gado.

Sai dai ango ya ɗauke ƙafa. Lahadi ta zo, na sha kwalliya na zauna, mota ta tsaya, Maikuɗi kaɗai ya sauko.

Ku 'yan zamani da waya ke tafin hannunku ba za ku gane ba. Mu Maikuɗi ne wayarmu, kuma waya ce mai ƙara gishiri. Saƙon farko, "Ya ce a gaishe ki, aiki ya yi yawa," da fatala mai ruwan goro. Na biyu, "Ya ce shina lahiya." Na uku sabulu ne kawai, ba magana. Na ce, "Bai ce komi ba?" Maikuɗi ya kashe mini ido ya ce, "Angon naki dai ya zama ɗan gayu. Turare shika zuba ma jikinai tun daga nesa kana jin shi." Na yi fushi, na yi kishi, har na fara zargin ko wata mai tuwo-tuwo ce a Malbaza ta ɗauke masa hankali. Na aika masa da baƙar magana, wai in ya gaji ya faɗa. Amsar da ta dawo ita ce, "Lahiya lau."

Ana cikin haka Kawu ya je Malbaza sayen ƙofa, ya dawo fuska a murtuke. Ina ɗaki na ji yana gaya wa Inna a tsakar gida.

"Tabawa, yaron ga ya bar salla. Masu gadi 'yan uwanai sunka hwaɗa min. Ya daina shiga masallaci, ana salla shina tsaye waje da takalmi. Ni ba ni ba da ɗiya ga wanda ba shi kallon gabas. In ta tabbata, kayansu za ni mai da musu."

Inna ta yi salati, ni kuma na cusa kai cikin matashi na yi kuka har idona ya kumbura.

Washegari Sarjan Ɗan'azumi ya zo allurar gwiwarsa. Da ya fito na bi shi gindin dalbejiya, na durƙusa na gaishe shi.

"Baba Sarjan, wai gaskiya na soja in ya daɗe sai shi bar salla?"

"Wane soja, ɗiyata?"

Na gaya masa abin da Kawu ya jiyo. Tsohon ya tsaya da taunar goronsa.

"Cindo? Cindon da ka ba mu salla cikin duwatsun Aljeriya, harsashi na wucewa bisa kanmu? Ke yarinya, in kin ji Cindo bai shiga masallaci ba, to takalmin na ba shi hita."

Na ce, "Amma Majo ya duba shi, yac ce ba shi da komi."

"Ya cire takalmi?"

"A'a."

"Wa yac ce mai shi cire?"

Na sunkuyar da kai.

"Wa yar raka shi?"

"Shi kaɗai yaz zo."

"Shi kaɗai? Ke kina ina?"

"Ina ciki, Baba."

Sarjan ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Daidai nan Majo ya fito wanke hannu, ya ji ana ambatonsa, ya tsaya da butarsa.

"Majo, matso ka ji, kai ma naka na," in ji Sarjan. "Na daɗe ina son in hwaɗa maka, kullum kana sauri. Mu can bariki, soja ba shi kai ƙarar jikinai. Wanda yab buɗa baki yac ce wayyo gaban babba, ya zama mace har shi mutu. Kafaran ɗinka, kofur ke nan, wanda ka kwana kusa da kai, shi ka kai ka gaban likita, shi ka cewa mutumen ga ƙahwa tai ka ruwa. Likita ko ba shi tambaya. Oda shika badawa, tuɓe! Shi duba da idonai. Shi ya sa kullum muka zo maka mu biyu, kai ko kana korar mai bakin."

Majo ya ajiye butar a ƙasa.

"Kuma in likita yac ce ba ka da komi, ba albishir ba na. Ya ce kai maƙaryaci na, mai gudun aiki. Kaso za a kai ka a kulle, a aske maka kai, a kira sunanka gaban jama'a. An taɓa yi ma Cindo haka kan ƙahwar ga dai. Gurneti ta hwashe kusa da shi, anka ɗinke, wani ɗan ƙarhe yai saura cikin ƙashi. Yac ce ma kafaran shina jin shi, anka kai shi, wani likita yac ce ƙarya shikai. Tun da yah hito kaso ban sake jin ya ambaci ƙahwar ba." Ya juyo ya dube ni, ba da faɗa ba, da ma faɗan ya yi mini. "Bai nemi ɗan rakiya ba don kina ciki. Ranar nan ke ta kafaran ɗinai, ɗiyata. Ke yaj jira."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Kallon nan da ya yi mini a zaure, da wanda ya yi mini gaban Majo, duk suka dawo mini lokaci guda. Shi yana shirun soja, ni ina shirun budurwa, kowa na jiran ɗan uwansa, ciwo kuma bai jira kowa ba. Rashin sani ya fi dare duhu, amma nawa ba rashin sani ba ne tsantsa, don na ga jiƙar nan da idona.

"In aika mai shi zo," in ji Majo, muryarsa ta canza.

"Ba shi zuwa. Ka ce kada shi sake zo maka, wagga oda ta. Wanda yab ba da oda shi ka warware ta."

Majo ya shiga ya sallami waɗanda suka rage, ya cusa almakashi da auduga a jaka, ya kulle ƙofa. Ni da shi da Sarjan muka tare Maikuɗi yana shirin komawa. Ko gida ban biya ba, na ce wa wata mai tallan nono ta gaya wa Inna na tafi Malbaza da Majo.

Mun sami Cindo bakin ƙofar kamfani, kan aikinsa. Yana tsaye ya jingina kafaɗa da ginshiƙi, ƙurar siminti ta yi masa fari a gira. Ya rame har kakin na lilo a jikinsa. Ƙamshin turare ya tarye mu, a ƙarƙashinsa kuma akwai wani wari da na sani sarai. Da ya hango Majo sai ya bar ginshiƙin ya ƙame.

"Cindo," in ji Majo, "don Allah ka yi haƙuri, in ba damuwa ko za ka..."

"Ba roƙo za ka yi ba, Majo," Sarjan ya raɗa masa. "Oda."

Majo ya ɗaga murya yadda ban taɓa ji ba. "Soja Cindo! Zamna! Cire takalmin hagu!"

Nan take ya zauna a kan benci, kamar da ma shekara da shekaru abin da yake jira ke nan. Ya kama takalmin ya ja, ya sake ja, zufa ta karyo masa. Takalmi ya ƙi. Ni na durƙusa na sa almakashi na tsarge fatar tun daga sama har ƙasa. Ba zan kwatanta muku abin da na gani ba, wataƙila wani na cin abinci. Yatsun dai sun yi baƙi. Maikuɗi mai surutu ya toshe baki ya koma bayan mota, Majo kuwa sai innalillahi yake ta maimaitawa.

A bayan motar siminti muka kai shi babban asibitin da ake yin fiɗa, kansa a kan cinyar Sarjan. Duk ramin da motar ta faɗa ina jin sa a cikina, shi kuwa ko uhum bai ce ba. Aka wanke, aka ɗaure, aka ce sai babban likita ya gani da safe.

Likitan wani Bature ne dogo, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Ya buɗe, ya daddanna, ya daɗe yana dubawa, sannan ya rufe.

"Ƙafar nan ba za ta tsira ba," ya ce. "In mun bar ta, za ta tafi da shi. Yau za mu yanke, daga gwiwa. Da tun tana ruwa kawai aka kawo shi, ƙarfen kaɗai za mu cire."

Majo ya juya ya fita daga ɗakin, na ji shi a baranda yana fyace hanci. Baturen ya tambayi dangi, Sarjan ya ce iyayensa sun rasu, sauran suna ƙauye. Sai ya dube ni, da farar rigata da ta sha ƙura da lallen da ya fara kodewa.

"Ke fa? Mece ce ke a wurinsa?"

Kafin in buɗe baki Cindo ya riga ni. Yana kwance ya miƙe sambal, ido a rufin ɗaki.

"Ba kowa ba ta, mon doktor. Ma'aikaciyar likita ta, ta rako Majo."

Na gane abin da yake yi. Ya san sharaɗin Inna, ƙofa yake buɗe mini in fita ba tare da kowa ya zarge ni ba. Kunyar nan ta sake tasowa, ga maza, ga Bature, ga Baba Sarjan. Amma na riga na ga abin da kunya ta saya mini.

"Ba haka ba na, likita," na ce. "Ni ta wadda anka sa muna rana. Ƙarhen na cikin ƙashi tun Aljeriya. Na ga tana ruwa tun kahin damana, ban hwaɗi ba. Shi ba shi hwaɗin ciwo, in akwai abin tambaya ni za a tambaya."

Sarjan ya gyaɗa kai a hankali. Sai na ji an kama gefen rigata. Hannun hagunsa ne, mai ɗan yatsan nan. Ya sauko da idonsa daga rufi, hawaye na gangarawa cikin kunnensa.

"Tsahara," ya ce, can ƙasa-ƙasa. "Tana ciwo. Wallahi tana ciwo."

Tunda na san shi ban taɓa jin kalmar nan a bakinsa ba. Na buɗe baki zan ce masa na sani, sai na ji sallama a bayana.

Inna ce a bakin ƙofa, ƙurar hanya har gira, riƙe da ƙwaryar fura da ta ɗauro a tsumma. Ashe labari ya kai gida tun daren jiya. Ban san tun yaushe take tsaye ba. Ba ni ta duba ba, ƙafar ta duba, irin kallon wadda ta san yawan shekarun da ke cikin jinya. Ta sunkuya ta ajiye ƙwaryar kusa da gadon, ta ce masa sannu, Allah shi ba da lahiya. Sannan ta miƙe ta juyo gare ni.

"Tsahara, taho waje. Kawunki na nan, ya taho da kayan sa rana."

Na san ba don komai ya ɗauko su ba sai don ya mayar. Ban motsa ba. Amma a gefen rigata, na ji yatsun Cindo suna saki ɗaya bayan ɗaya.